Maɓallin da Balarabe Ya Ƙara

Yau shekara huɗu ke nan da muka raka abokina Balarabe makwancinsa, Allah Ya jiƙansa. Shi ya gina wa masana'antar jima da nake aiki a Challawa shafin intanet na rajistar ma'aikata. Daga rajistar nan ake fitar da sunayen waɗanda likita zai duba wa ƙirji, saboda sinadaran da suke shaƙa.

Balarabe ba ya gwada shafi a dunƙule. Akwatin suna daban, maɓallin aikawa daban: ya danna sau biyu, ya bar gurbi ba komai, ya zuba ido. Na yi koyarwa kafin in zama jami'in kula da ma'aikata, amma ban taɓa ganin malamin da ke murna in ɗalibinsa ya faɗi jarrabawa ba sai shi.

Akwatin ranar haihuwa ya tsallake duk gwajinsa, har ranar da ya jawo kujera ya zaunar da Malam Iliya, dattijo mutumin Maraɗi mai jiƙa fatu.

"Baba, yaushe aka haife ku?"

"Shekarar da fara ta cinye gero. Rubuta."

"Injin ba zai karɓa ba, Baba."

"To injin naka bai san mutane ba, ɗana."

A ranar ya ƙara maɓalli mai cewa "Ban sani ba". Har da ni a masu yi masa dariya.

Bara aka sabunta shafin. Masu aikin suka nuna mini sakamakon gwajin da kwamfuta ta yi wa kanta, kuma kamar kowane ɗalibi da aka bar wa makin takardarsa, ta ci. Na sa hannu. Ban zaunar da kowa ba. Maɓallin ya ɓace, duk wanda ba shi da ranar haihuwa ya zame daga jerin likita shiru. Sai da tari ya kwantar da Malam Iliya muka lura zagaye biyu ba a kira sunansa ba.

Da Balarabe na nan, ba faɗa zai yi mini ba. Tambayata kawai zai yi: da wa na gwada shafin?

An mayar da maɓallin. Shafin da Balarabe ya gina kuwa babu ko layi ɗaya da ya rage; abin da ya bari kujerar nan ce, tana gefen teburina. Makon jiya na je Panshekara duba Malam Iliya, na fara yi masa bayanin kuskuren injin. Ya jira tarin ya lafa.

"Malam, bar zancen inji. Shi marigayi ya tambaye ni. Ku ne ba ku tambaya ba."