Kibiyar da Ta Nuna Gidan Mai Batir

Shekara ashirin da uku ta yi tana koyar da kimiyya a aji huɗu, kuma yara ba su san ta da wani suna ba sai Malama Kibiya. Ba ta ba yaro amsa. Takan manna kwali a bango, ta zana da'ira a tsakiya ta rubuta tambaya a ciki, yara su ja kibiya daga duk abin da suke zargi zuwa da'irar. Kibiyar da ta rasa hujja, wanda ya ja ta shi zai soke ta da hannunsa.

Wata shekara kajin makarantar suka kama mutuwa. Yara suka zana zafin rana, suka zana abinci, wani ma ya zana mugun ido. Ɗaya bayan ɗaya aka soke su, don kajin da ke kulle a keji abinci ɗaya suke ci da sauran, zafi ɗaya suke sha, ga su garau. Masu yawo ne ke mutuwa, masu shan ruwan kwata. Ajin ya bi kwatar da fensir da takarda har bayan katanga, inda wani mutum ke fasa tsofaffin batiran mota yana zubar da ruwansu. 'Yarsa tana ajin, ita ce ma ta ja kibiyar ƙarshe.

Washegari da hantsi mai batir ya banko ƙofar ajin da guduma a hannu. Ya yage kwalin, ya fizgo 'yar tasa da kunne, ya kwaɗa mata marin da ya kifar da ita kan benci. Malama ta shiga tsakani.

"Malam, ni na sa ta. Idan duka ne, ga ni."

Bai tsaya ji ba. Ya ɗaga gudumar, Malama ta kare fuska da hannun dama, ta ji ƙashin ya ce ƙas. Ya hankaɗa ta, bakinta ya daki gefen tebur, haƙora biyu suka zube cikin jini da garin alli. Yara suka yi ta dira ta taga suna ihu. Sai da mai gadi ya rafka masa kujera a baya kafin malamai suka danne shi.

An ɗaure shi wata takwas, aka rufe wurin fasa batirin. Hannun Malama ya warke a karkace, ta koyi rubutu da hagu, yara suna tsokanar ta wai kibiyoyinta sun koma macizai. Uwar yarinyar ta cire ta daga makaranta. Sau uku Malama tana zuwa gidansu roƙo, da hannu a saƙale a wuya, kafin a mayar da yarinyar aji.

Bara Malama ta yi ritaya. Har yau idan sun haɗu da uwar a hanya, Malama ce ke gaisarwa, matar ta kau da kai.