Ranar da Ammu Fathi Ya Kashe Inji

Ku sababbin ma'aikata da kuka same ni a teburin nan da farin hijabi, ba haka na fara ba. Akwai wata safiyar Talata da har yau ba ta bar raina ba.

Ofishinmu na unguwar Dokki, aikinsa kai 'yan kasuwarmu Hausawa daga kasuwar Ataba zuwa tashar jiragen ruwa ta Ain Sokhna su duba kayansu. Ni ce mai kula da fasinja. Doguwar bas ɗaya gare mu, direbanta kuma Ammu Fathi, wato Baffa Fathi, wani dattijo Bamisre mai tari. Al'adarsa, tun kafin fasinja su iso zai tayar da inji ya bar shi yana ruri, wai sai motar ta yi ɗumi. Ni kuwa a bayan motar nake tsayawa ana loda jakunkuna. Kai, hayaƙin nan! Baƙin hijabi na ware don aiki, saboda fari ba ya kai azahar. Kullum sai mun yi cacar baki da shi. In ce, "Ammu, kashe mu za ka yi?" Ya ce, "Ma'alish ya binti, yi haƙuri 'yata, motar tsohuwa ce kamata."

Da aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa mai gudu ta wannan yankin, wallahi na fi kowa murna. Manajanmu ya tara mu ya yi bayani: jirgin da lantarki yake tafiya, tafiya ɗaya zai kwashe mutanen da motoci da yawa ke ɗauka, hayaƙin da ke ɗumama duniya ya ragu a hanya. Har tafi na yi. Sai ya tsayar da ni bayan taro ya ce za a sayar da bas ɗin tun kafin kowa ya fitar da tasa kasuwa, kafin jirgin ya fara mu riƙa saya wa fasinja kujera a wani kamfani.

Na ce, "To Ammu Fathi fa?"

Ya ce, "Khalas, magana ta ƙare. Ke yake jin maganarki, ke za ki gaya masa."

A nan ba a faɗa wa mutum mugun labari hannu sake, sai da shayi. Ranar Talatar da safe na haɗa kofi biyu na same shi a gindin motar, injin na ta ruri. Yana ganin ni da kaina na kawo masa shayi, ya gane. Na faɗa masa.

Ya hau ya murɗa makulli, injin ya mutu. Ban taɓa jin wurin nan shiru haka ba. Ya sauko ya yi tarinsa, ya ce, "Jirgin alheri ne, ƙirjina shaida. Amma ya binti, wa zai ɗauki tsoho?"

Na roƙi manaja ya bar shi ko a ƙaramar motar ofis, ya ce akwai mai ita.

Ban fasa son jirgin ba, jikokinmu za su shaƙi iska mai kyau. Amma na koyi cewa a sana'ar nan, duk hayaƙin da aka rage a hanya, akwai gidan da tukunyarsa ta dogara da shi, kuma a taro ba a ambatar sunan mai gidan. Idan an zo muku da sabon tsari, ku tambayi tukunyar wa zai taɓa kafin ku yi tafi.

Hijabina yanzu yana kai magariba fes. Wani lokaci in kalle shi in ji kunya.