Jan Layin Mai Tuta

Mai Tuta muke kiransa, domin shekara talatin da biyu ya yi yana ba jiragen ƙasa hannu a wata ƙaramar tasha, bai taɓa sakin jirgi kan jar fitila ba. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu.

Ranar da mahaifiyarsu ta rasu yana bakin aiki, wanda zai canje shi kuma bai zo ba. Ya ƙi barin sigina ba kowa; kafin ya isa gida an riga an binne ta. Tun daga ranar wansa bai sake yi masa magana ba. Wasiƙu suka riƙa dawowa a rufe, waya kuwa da ya ji muryarsa sai ya kashe.

Bayan ya yi ritaya ya sami labarin cewa wan nasa, wanda ke zaune a wani gari mai nisa, ya shiga cikin masu sha'awar rediyo, mutanen da ke kafa eriya a gida suna hira da juna ta iska. Ladabinsu shi ne, duk wanda ya kira ka da lambar lasisinka a gaban jama'a, sai ka amsa. A kan wannan Mai Tuta ya ɗora begensa. Ya sayi tsohuwar na'ura, ya ci jarrabawar farko, aka ba shi lasisin masu koyo.

Sai dai lasisin masu koyo yana da iyaka. Mai shi yana iya sauraron kowace mita, amma magana sai a 'yan zangunan da aka yanka masa, waɗanda galibi ba su kai murya nesa. Wan nasa da abokansa kuwa, kowace Lahadi da hantsi, suna haɗuwa a wata mita ta masu babban lasisi. A fuskar na'urar, tazarar ba ta wuce faɗin ɗan yatsa ba. Mai Tuta ya ari jan farcen 'yarsa, ya ja layi daidai inda izininsa ya ƙare.

Jarrabawa ta biyu lissafi ce zalla, shi ya sa ya zo wurina. Shekara huɗu muna zama a teburin ɗakin girkinsa. Na koyar da dubban yara, amma ban taɓa ganin mai ƙoƙari irinsa wanda lissafi ya ƙi haka ba. Sau uku ya zauna, sau uku ya faɗi; na ƙarshe da maki biyu.

"Hedimasta," ya ce mini ranar, "ko dai kai ne ka tsufa?"

"Mu biyu ne," na ce, "amma ni na ci tawa tun kana rarrafe."

Kowace Lahadi yakan sa riga mai guga, ya murɗa allurar na'urar ta tsallake layin, ya zauna yana sauraro. Ta nan ya san cewa wansa ya yi jika, an yi masa aikin ido, kuma tari ya kama shi. Matarsa takan tsaya a bakin ƙofa da tsumma a hannu.

"Baban yara, danna ka yi magana mana! Wa zai kama ka? Gaisuwa ce fa kawai."

"Idan na danna, abu na farko da Yaya zai tambaya shi ne lambata, ita kuwa ta masu koyo ce. A gaban mutanensa zai ce, ashe dokar ma tana karyuwa, don Inna ce kawai ba ta karyu ba."

Sai ta koma kan aikinta.

Saura mako uku ya zauna karo na huɗu, wata Lahadi ina wurin da littafina, sai muka ji mai jagorantar hirar ya kira lambar wan nasa. Shiru. Ya sake kira. Shiru. Da ya kira na uku, sai ya ce wannan lamba ta bar iska, Allah Ya jiƙan mai ita, duk wanda ke da abin faɗa ya faɗa yanzu. Haka suke sallamar mamacinsu.

Mutum bakwai suka yi magana, ɗaya bayan ɗaya. Makirufo yana hannun Mai Tuta, babban yatsansa a kan madanni. Na ga farcen ya yi fari. Mai jagora ya tambaya ko akwai saura. Ya jira, sannan ya rufe.

Sai da kowa ya watse Mai Tuta ya mayar da allura bayan jan layin, ya danna, ya faɗi lambarsa a natse kamar yadda doka ta ce.

"Yaya, ni ne. Jirgi biyu ne a kan layi ɗaya ranar da Inna ta rasu, Yaya."

Ba abin da ya amsa sai shuuu.

Bai je jarrabawar ba. Har yanzu yana sa rigar ranar Lahadi, yana sauraron mutanen da ba su san da shi ba. Littafin lissafinsa yana wurina. Ya ce in riƙe.