Kirin Tsoho a Fiffiken Hagu

Duk lokacin da hadari ya haɗo, tun kafin iska ta taso, ɗakina yakan ɗauki warin jiƙaƙƙiyar fata. 'Ya'yana sun gaji da yi mini tsiya, wai na rataye mushe a bango. Ba mushe ba ne. Kiri ne, igiyar nan da ake tufkawa da fatar shanu, kuma in kana da haƙurin zama zan gaya maka yadda ya zo hannuna.

A Gwandu na tashi, a gidan kakana, wanda duk muke kira Tsoho. Makiyayi ne da ya gaji da yawo ya zauna, amma hannunsa bai zauna ba. Kullum yana gindin darbejiya yana yanka fata siri-siri, ya maƙale bakinta a babban yatsan ƙafa, ya ja, ta yi ƙiii. Babana, ɗansa na fari, bai ɗauko komai na shanu ba. Gyaran injin ban-ruwa yake yi da walda, kuma ina 'yar shekara tara ya fara ƙera jirgin sama a bayan gida. Jirgi fa nake gaya maka, mai kujera ɗaya, da injin tsohuwar mota a hanci, fukafukansa na katako an lulluɓe su da yadi mai kauri. Gari ya yi dariya har ya gaji. Ni ban yi ba, don na san yadda yake tsayawa da aiki a hannu in shaho ya gifta.

Abu ɗaya ya tsayar da shi wata biyu. A bayan kowane fiffike akwai wani falle mai sauka da tashi kamar murfin taga, Baba yana kiransa leɓe. In leɓɓan suka sauka, jirgi yakan tashi a gajeren fili, ya kuma dira a hankali. Sai dai dole su sauka tare, daidai wa daida. In ɗaya ya wuce ɗan'uwansa, jirgin kifewa zai yi da mutumin ciki. To da me za a riƙe su? Ya gwada injin goge gilashin mota, ya ce ba zai ba batir amanar ransa ba. Ya yi shawarar bututun ƙarfe guda ɗaya da zai ratsa jirgin ya haɗe leɓɓan biyu, ya ɗaga ya ji nauyi, ya ajiye. Wayar birkin babur kuwa sau biyu tana tsinkewa a hannunsa.

Wata safiya Tsoho, wanda bai taɓa ko kallon jirgin ba, ya yi magana kansa a sunkuye.

"Mi kake nema da babu shi gidan ga? Kirina ya riƙe bijimi, iska ce za ta gagare shi?"

Ranar har waƙa na ji Baba yana yi. Albarkar ubansa ya nema shekara guda bai samu ba, sai ga ta a igiya. Nan aka yanke: roba za ta riƙa jan kowane leɓe ƙasa, kiri yana riƙe da shi, Baba ya sassauta daga kujera gwargwadon yadda yake so.

Tsoho ya tufka na fiffiken hagu cikin bazara. Da ya gama, ya ce gobe zai shafe shi da man shanu ya rataye a hayaƙi, don ta haka ne kiri ke ƙin ruwa. Bai ga goben ba, Allah ya jiƙansa.

Bayan an share makoki Baba ya tufka na dama da kansa, ya shafa masa mai har sau bakwai. Na hagu bai taɓa shi ba. A gidanmu ba a ƙara hannu a kan aikin da mamaci ya bari, kamar ka ce bai iya ba ne. Haka ya ɗaura shi, busasshe, da shatin yatsun Tsoho a jikinsa.

Farkon damina, wata la'asar, Inna ta aike ni in kwaso shanya a bayan gida. Gari ya yi baƙi ta gabas, kaji sun shige, ko ganye ba ya motsi. Sai na ji ƙiii. Na san sautin nan, kuma na san inda muka kai mai shi. Na waiga. Babu kowa a kujerar jirgin, amma leɓen hagu yana sauka sannu-sannu, ya tsaya, ya ƙara sauka. Na dama ko gezau. Na watsar da kayan mutane a ƙasa na ruga ɗakin Kaka, matar Tsoho.

Ka san Kaka ba ta yi wa Baba magana kai tsaye, ba ta kuma kiran sunansa, kunyar ɗan fari. Shekara arba'in haka suke, ko da suna zaune kan tabarma ɗaya. Ni ce bakinta. Ta saurare ni har na gama.

"Ke, tahi ki gaya ma mai ƙarhen nan, ubanshi bai yarda ba."

Na kai saƙo. Baba ya yi murmushi. "Ki ce mata sanyi ne, fata ta saki." Ya je ya ɗaure kirin tamau.

Ka ga, ya san dalilin sarai, kuma wannan ne yake ba ni haushi har yau. Kawuna, yayan Inna, masunci ne a Kalgo, ya zo ya sansana igiyar ya ce a cire, a sa bututun nan ko da ya yi nauyi. Baba ya ce, "In kwance hannun Tsoho in sa ƙarfe?" Kawu ya ce to a shafa mai. Baba ya tashi ya bar masa wurin. Duk daminar nan leɓen hagu yana sauka, Baba yana ɗaurewa. Ni kuma na lura ba sai da hadari ba, har in Baba ya ambaci ranar tashi nakan ji ƙiii ɗin. Na faɗa, aka ce tsoro ne. To, tsoron ne, ina jin tsoro ƙwarai ubana ya mutu.

Ya jira har ruwa ya ɗauke, aka cire amfanin gona, don fata ta natsu. Aka ɗora jirgin a babbar mota zuwa Kalgo, inda Kawu ya samo wani fili shimfiɗaɗɗe a bakin fadama. Abin da Baba bai lissafa ba shi ne raɓar bakin gulbi. Jirgin ya kwana a cikinta. Da hantsi ya duba, ya ƙara ɗaure na hagu, ya auna leɓɓan da idonsa, sun zo daidai. Kaka, wadda ko kasuwa ba ta shiga mota, ta biyo mu. Ta jawo hannuna ta ce, "Ki ce mai..." sai ta fasa, ta sake ni.

Injin ya yi ruri. Jirgin ya ruga, ƙafafunsa suka bar ƙasa, ya yi sama kamar tsayin rumbu. Mutane suka ɗauki kabbara. Ni leɓen hagu kawai nake kallo, kuma a idona ya faɗi gaba ɗaya. Fiffiken hagu ya ɗaga, jirgin ya karkata dama, ya ja ƙasa, ya kife cikin taɓon fadama. Wurin ya yi tsit, sai kukan balbelu da suka tashi.

Su Kawu suka zaro Baba da rai, ƙafa ɗaya a karye. Suka koma ɗaga jirgin. Mutum biyu suka kama fiffiken hagu, wanda ko taɓa ƙasa bai yi ba, sai ya biyo hannunsu. Gara ta cinye babban katakon ta ciki, ba abin da ya rage sai ɓawo da gari. Kawu ya murza garin a tafinsa, ya ɗaga kai ya dubi inda shaho ke shawagi, can inda Baba ya nufa. Da jirgin ya kai can, a sama fiffiken zai ɓalle.

Kaka ta tako cikin taɓo har gwiwa, ta tsaya a kan Baba, ta dube shi ido cikin ido.

"Kai. Ka ji shi yanzu?"

Maganarta ta farko gare shi ke nan tun yana goye. Karaya ba ta sa Baba kuka ba, wannan ta sa shi.

Bai sake ƙera jirgi ba. Ya rayu da ɗingishi har tsufa, yana gaya wa duk mai tambaya cewa bututu ne daidai, sai dai ban taɓa jin ya yi nadamar kirin ba. Da ya rasu ni na ɗauko kirin hagun. Yana rataye a ƙusa, na ja layi da gawayi a inda bakinsa ke tsayawa. Yanzu, in ji babban ɗana, maɓalli matuƙi ke dannawa leɓɓan su sauka, kuma yakan zaunar da ni ya yi mini bayanin danshin iska, kamar ba a gidan fata aka haife ni ba.

Bara, tsakiyar rani, ya shirya mini tafiya ta jirgi daga Birnin Kebbi. Da safe na ɗauki jakata, sai warin nan ya buge ni. Sama fes, ko ɗigon gajimare babu, amma bakin kirin ya wuce layin gawayi da yatsa uku. Na ajiye jakar na zauna. Jirgin ya tashi ba ni, ya sauka lafiya, yaron ya kira yana dariya, na ce alhamdulillahi.

Har yau kirin bai ga man shanu ba, kuma ba hannuna ne zai shafa masa ba.