Na Sa Ɗana Mayar da Kwanuka

Duk tsawon shekarun nan akwai abu ɗaya da ya ƙi fita raina, kuma ba na jin zai fita: lokacin da na tashi rage wa ɗana ƙiba.

A shekarun da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu ne, ina sana'ar acaba a cikin Daura. Yaron bai kai shekara goma ba, amma rigar yayansa ta ƙi shigarsa. Wata rana ya yanke jiki ya faɗi a filin makaranta, muka kai shi asibiti. Ma'aikacin ya auna shi, ya ce a rage masa ci, ya riƙa motsa jiki, in ba haka ba zuciyarsa za ta wahala tun yana ƙarami.

Na dawo gida da zafina. Na ce wa uwarsa daga yau malmala ɗaya, babu ƙari. Batun motsa jiki kuwa, sai na yi wata dabara da har na yaba wa kaina. A unguwarmu magidanta tare muke cin abinci a ƙofar gida bayan magariba, kowa a fito masa da kwanonsa. Na ce ɗana ne zai riƙa mayar da kwanukan gida-gida da ƙafarsa. Ga tafiya, ga lada.

Ana nan ana nan, yaro sai ƙara cika yake. Wandonsa na salla ya tsage. Haushi ya kama ni, na tsare uwarsa.

"Ke ce kike ba shi a ɓoye."

"Malam, malmala ɗaya ka ce, ita nake ba shi. Wani lokacin ma sai ya rage."

Ban yarda ba. Na yi kwanaki ba na amsa gaisuwarta, Allah ya yafe mini. Da ta gaji ta ce in bi bayansa in gani.

Na bi shi. A zauren farko ya zauna, ya buɗe kwano, ya share ragowar tuwo. A na biyu dambu ne. A na uku ya shige ciki, ni kuma na tsaya a zaure, sai na ji muryar tsohuwar gidan, mahaifiyar maƙwabcina, wadda take kiran ɗana mijinta da wasa.

"Maigida, yau ka makara. Ga furarka, na cika maka sukari."

Na yi sallama da ƙarfi. "Inna, likita fa ya hana."

Ta leƙo ta dube ni sama da ƙasa. "Ya hana wa? Ba kai ka aiko shi ba? Tunda nake ban taɓa ganin yaro ya dawo da kwano an sallame shi haka nan ba. Kai da kana yaro ba ka lashe ragowa ba?"

Gaskiyarta, don kuwa na lasa. Ta ƙara da cewa, "Kuma ko masallacin nan a kan babur kake kai shi. Dubi tumbinka kai ma."

Na ja hannun yaron muka fito, yana ta waiwayen furarsa.

Sai da na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ina roƙo, wasu suna dariya, wai ƙiba ai lafiya ce. Na karɓe aikin kwanuka daga hannunsa. Na fara ajiye babur da sassafe muna takawa zuwa gonarmu ta hanyar Mai'adua, kuma ranar farko ni na fara neman wurin zama. A hankali numfashinsa ya daidaita. Uwarsa kuwa na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma ta daɗe tana yi mini dariya.

Abin da na koya shi ne, yaro ba a gidan ubansa kaɗai yake ci ba, kuma ba a gyara shi da umarni daga kan babur. Kafin ka zargi kowa, tashi ka bi sawun abin da kai ka tsara.