Sunan da Kalebu Ya Raɗa wa Maci Amana

Kalebu bai taɓa wuce Yamai ba, amma duk Madarumfa ba wanda ya kai shi sanin Italiya. Ya san yadda minista ke cin abinci teburi ɗaya da masu kisa, ya san alƙalin da ya ƙi cin hanci bom ke jiransa ƙarƙashin mota. Duk a rumfarsa ta zana da ke bayan tasha ya koya, inda ya shekara goma sha bakwai yana tsaye gefen tele bayan la'asar, yana juya Faransancin fim zuwa Hausa.

Ɗan mai wa'azi ne daga Maradi. Uban ya so ya gaje shi, shi kuwa muryar kaɗai ya gada. Ran Lahadi bencin baya yake zama a majami'a, don dattawa ba su son sana'arsa. Mutanen gari na son bakinsa, suna ce masa Mushe, wato malam da Faransanci, amma ba mai gayyatarsa suna ko biki. Mutum ɗaya ke sa hannu a kwanonsa: Illo masunci, wanda kan zo da kifin tafki su ci tare kafin a kunna tele.

Sunayen Italiyawa na karya harshe, saboda haka Kalebu ke raɗa masu nasa. Uban 'yan daba ya zama Mai Zobe, minista ya zama Ci-ka-ƙoshi. Doka ɗaya ya kafa wa kansa, ba ya sa sunan mai rai. Sau biyu tak ya karya ta.

A shekarar ne Illo ya jingine komarsa ta kamun kifi ya sayi moto, ya shiga cikin masu ɗauko jarkokin esansi, wato fetur, ta hanyar daji daga Najeriya. Sai ya yi mako biyu bai leƙo ba. Ran da ya zo, da sababbin abokai biyar ya zo, suka zauna can baya, ya ɗaga wa Kalebu hannu daga nesa kamar wanda ya ga mai shago. Fim ɗin ranar kuwa akwai wani ɗan daba da ke zagayawa ya kai wa alƙali sirrin 'yan'uwansa.

"To ga Illo nan," in ji Kalebu, "ya bi ta ƙofar baya, za ya gaishe da alƙali."

Rumfa ta ɗauki dariya. Illo ma ya dara, ya ce, "Allah ya isa, Mushe!"

Bayan kwana tara 'yan duwan, wato kwastan, suka tare hanyar wajen Ɗan Issa, suka kama moto huɗu. Na Illo ya tsira don tayarsa ta yi faci da safen. Ba wanda ya fito ya zarge shi da kai wa hukuma sirri. Sai dai in ya zauna wurin shayi hira ta koma kan damina, kuma aka daina faɗa masa ranar tafiya. Moto ya zauna a zaure yana tara ƙura.

Kalebu ya yi ta gaya wa kansa wasa ne. Delu mai soya kifi a ƙofar rumfar ce ta ƙi saye.

"Wasa? Shekara nawa nike nan, ban taɓa jin ka sa sunan mai rai ba. Kai dai so kake su koro maka shi."

Sai ya tuna ranar da labarin kamun ya iso. Kafin tausayi ya zo masa, wani abu mai kama da murna ya riga shi, har ya dafa shinkafar mutum biyu.

Ya tafi gidan Illo, ya same shi yana ɗinke tsohuwar komarsa.

"Mi kake so, Mushe? Fim ya ƙare?"

"Na zo in ce maka..."

"Ni na san ban yi ba. Su za ka gaya ma."

To ta yaya? Shekara goma sha bakwai na kallo sun koya masa cewa wanda ya fi rantsuwa shi aka fi zargi, kuma ba a sakin wanda ake zargi sai an samu wani. Ya kwana uku yana juya wannan a ransa. Ran kasuwa, da rumfa ta cika har da masu moto, ya sake sa fim ɗin nan. Da ɗan daban ya nufi ƙofar baya, Kalebu ya gyara murya.

"Ga Kalebu nan, ɗan mai wa'azi. Kullum yana gefe yana jin hirar kowa, ba mai lura da shi. Ya iya harshen hukuma. Ga shi za ya gaishe da alƙali."

Ba wanda ya yi dariya. Ya ga kawuna suna juyawa, kowa na tuna abin da ya taɓa faɗa a kan bencin nan. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne yadda rigar ta zauna masa daidai, ba wanda ya tsaya musu.

Kafin mako ya zagayo Illo ya koma hanya. Benci kuwa suka fara raguwa, daga takwas zuwa biyu, har Delu ta ɗauke kaskonta ta koma bakin tasha. Da za ta tafi ta ce, "Kai ma dai, Mushe," ba ta ƙarasa ba.

Har yau yana kunna tele bayan la'asar, yana fassara wa tsofaffi biyu ko uku da ba su da abin ɓoyo. Illo bai sake shigowa ba, ba zai yiwu a gan shi nan ba. Amma da hantsi, in ya zo wucewa da jarkokinsa kuma ba kowa a hanya, yakan danna oda sau ɗaya. Kalebu ba ya ɗaga kai, kada wani ya gani. Sharar ƙofar rumfa dai yake ja da ita, a hankali, har moton ya wuce.