Ƙasar Changli a Teku

A Tamale ba mu da teku, ko kogin kirki ma babu, da rani ruwan sha sai mata sun ci tafiya kafin su samo. Amma ban taɓa zama a garin da aka sha musun jirgin yaƙi kamar namu ba, a shekarun nan da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu. Ni a lokacin direban lori ne. In kwashi doya da man kaɗe in gangara kurmi, in dawo da goro da gishiri da ciwon baya. Kumasi, Sakandi, Takoradi, duk na kwana a tashoshinsu. Don haka a unguwarmu ta Changli duk maganar da ta shafi ruwa mai yawa ni ake nema, sai ka ce ni na haƙa shi.

Goggona, ƙanwar babana, wadda muke kira Mma, ɗa ɗaya Allah ya ba ta. Ya ɗan girme ni, tare muka yi makarantar allo. Aka ɗauke shi soja lokacin yaƙin Bama, aka zuba su a jirgin ruwa, zazzaɓi ya kama shi a hanya, bai kai ba. A ruwa aka sa shi. Wanda ya kawo labarin wani maƙwabcinmu ne da suka shiga jirgi ɗaya. Kowa Saje yake ce masa, ko da yake ni dai igiya biyu na gani a tsohuwar rigarsa.

An yi zaman makoki, an yi sadaka, ba a rage komai ba. Abu ɗaya ne ya ƙi kwanta wa Mma a rai, wato ba a rufe ɗanta da ƙasa ba. Tabarmarsa tana nan naɗe a kusurwar ɗakinta, ba mai taɓawa. Lokaci lokaci sai ta aika a kira Saje, ta ajiye masa koko da ƙosai, ta sa ya sake faɗa mata tun daga farko.

"Saje, sun tsaya da jirgin?"

"Mma, ba a tsayawa. Akwai jirgin abokan gaba da ke bi ta ƙarƙashin ruwa, wanda ya tsaya shi za a ɗirka wa wuta. Ko miƙewa sosai ba ma yi, tafiyar maciji muke yi, nan dama, an jima hagu."

"To alƙibla fa?"

"Limamin bataliya ya jira sai da jirgin ya juyo daidai, sannan ya yi kabbara. An yi masa wanka, an naɗe shi, an ɗinke a tamfol, an sa ƙarfe a wajen ƙafa. Ni da hannuna na riƙe katakon da aka zurara shi ruwa a kai."

Sai ta gyaɗa kai. Ta ce Allah ya saka. In an kwana biyu kuma ta sake aikawa. Saje ya gaji, mu ma mun gaji, ita ma na san ta gaji, amma ba ta san inda za ta ajiye abin ba.

A gindin mangwaron da muke dara da yamma, Saje wani mutum ne daban. Can ne yake buɗe bakinsa a kan manuwa, wato manyan jiragen yaƙin da suka raka nasu jirgin. Wani kuku ne a jirgin ya karantar da shi, shi kuma ya dawo yana karantar da mu ko mun so ko ba mu so ba. Ya ce da can jirgin yaƙi na katako ne, ana ɗaura masa zannuwa iska ta tura. Igwa a jere a gefe kamar tukwanen mai waina, ba ka harbi sai ka juya wa abokin gaba haƙarƙari. In iska ta ɗauke, sai ku zauna kuna kallon juna kuna zage-zage. Wannan kam na gaskata shi, don na ga irin igwogin nan a tsofaffin ganuwoyin bakin teku, sun yi tsatsa, awaki na hawa kansu.

"Sai aka zo na ƙarfe," in ji Saje, "mai cin gawayi, daga baya mai shan mai. Ba ruwansa da iska. Bindigar tana juyawa da kanta kamar wuyan mujiya. In yana tsaye a tashar lori ta Tamale, zai jefa harsashi mai nauyin saniya ya faɗa can garin Sabelugu."

"Me mutanen Sabelugu suka yi maka?" in ji wani tela da muke dara da shi.

"Misali nake ba ku, jahilai."

"To ka jefa Yendi mana, can surukaina suke."

Haka muke yi kullum har a kira magariba.

Ana nan bayan an sami 'yanci, sai akwatin rediyon da ke rataye a shagon telan ya faɗa da Hausa da Dagbanci cewa ƙasarmu ta sami nata jiragen yaƙi. Labari ya shiga gidaje. Na dawo daga tafiya ko wanka ban yi ba aka ce Mma na kira.

"Ɗan nan, an ce yanzu ruwan namu ne."

"Wani ɓangare dai, Mma."

"An ce muna da manuwa."

"Haka aka ce."

"To ka je ka faɗa musu su ɗauko mini yayanka. Da na Bature ne, na yi shiru. Yanzu 'ya'yanmu ne a ciki, za su ji maganar tsohuwa."

Na zauna a bakin ƙofa. Ruwa mafi girma da Mma ta taɓa gani shi ne kogin Yeji, inda ake haye da lori, kuma can in mutum ya nutse masunta kan tsamo shi. Na ce mata zurfin ba ɗaya ba ne. Na ce wurin ma ba a ruwanmu yake ba, sai an zagaye ƙasashe, kuma babu wata alama, ba itace ba dutse. Ta saurara har na gama.

"Saje ya ce abin nan yana jefa saniya Sabelugu."

"Harsashi, Mma."

"Ko ma mene ne. Duk wannan ƙarfi, ya kasa ɗago mutum ɗaya mara nauyi? Yayanka ai ba shi da jiki."

"Ba don ɗagowa aka ƙera shi ba. Don nutsarwa aka ƙera shi."

Sai ta ce in je in ci tuwo.

Na ɗauka magana ta mutu. Sai ranar da zan sake gangarawa kurmi, ina duba tayoyi da hantsi, ga Mma da kanta a tasha, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta miƙo mini ƙulli a tsohon kallabinta. Ƙasa ce, ja, irin tamu. A bayan ɗakinta ta tona, inda aka binne mabiyiyarsa ranar da aka haife shi.

"Tunda ba zai zo ba, ka kai masa. Ruwan Yeji ba teku yake shiga ba? To duk haɗe yake. Ka zuba da hannunka sau uku, yadda maza ke yi."

Na sa ƙullin a ƙarƙashin kujerata. Duk ramin da muka faɗa a hanyar Salaga sai na kai hannu na taɓa.

A Takoradi na sauke kaya, na wanke riga, na tafi wajen da jiragen suke. Mai gadin ƙofar yaron Arewa ne, daga jin bakinsa. Ya saurare ni da ladabi, ya ce ya jajanta, amma ba a shiga, jirgin kuma ba ya fita sai da umarni. Ya bar ni na leƙa ta shinge. To, na ga manuwarmu. Wasu 'yan jirage ne masu launin toka, tsaf-tsaf da su, aikinsu share nakiya a ruwa. Babu bindigar da za ta tayar wa Sabelugu hankali. Na ji daɗin ganin tutarmu a kai, gaskiya, amma na yi godiya Saje ba ya wurin.

Mai masaukina a zangon Sakandi shi ya haɗa ni da wani masunci ɗan ƙabilar Fante, dattijo mai furfura har a ƙirji. Da yaren Tuwi ɗina na tasha da nasa guntun Hausa muka fahimci juna. Ya ce ranar Talata ce, ba sa shiga ruwa, in dawo gobe. Washegari na shiga kwalekwalensa. Da muka wuce inda ruwa ke tumbatsa sai suka kafa sanda suka ɗaura zane, buhunan fulawa ne aka ɗinke, har rubutun yana nan. Iska ta cika shi muka tafi. Na ce a raina, ga jirgin da Saje ya ce zamaninsa ya wuce.

Ni da nake taƙamar tafiya, duk kokon da na sha na mayar wa teku. 'Ya'yan dattijon suna ta dariya. Da gari ya koma siriri kamar zare, sai ya sa aka sauke zanen. Muka tsaya. Wannan tsayawar ce na fi riƙewa, don ita ce yayana bai samu ba. Na duba rana na gane gabas, na kwance kallabin, na zuba sau uku da addu'ar da ake yi. Ruwan ya yi ja ɗan kaɗan, sannan ya koma yadda yake. Dattijon ya cire hularsa har na gama.

Da na dawo Changli na tarar da Mma tana tsince gyaɗa a tsakar gida, Saje na zaune a kan turmi. Na miƙa mata kallabin. Ta karkaɗe shi ta duba.

"Kun tsaya?"

"Mun tsaya, Mma. Har sai da na gama."

"Da manuwar?"

"A'a. Da kwalekwalen wani tsoho, mai zane."

Saje ya gyara zama a kan turmin.

"Sau uku?"

"Sau uku."

Ta shiga lissafa abubuwan da ake yi wa mamaci, ina ganin leɓenta na motsi. Can ta ɗago a firgice.

"Ka yayyafa ruwa a kai? Ai in an rufe kabari ana yayyafa ruwa don ƙasar ta kwanta."

Na kalli Saje, Saje ya kalli ƙasa.

"Mma," na ce, "ruwa kam ya samu."

Sai kafaɗarta ta fara rawa, ta sa kallabin a baki, dariya da hawaye suka zo tare. Ta ce Allah ya shirye ni, ba ni da kunya tun ina yaro.

Da la'asar ta fito da tabarmar nan ta kakkaɓe, ta ba Saje, ta ce ya kai masallaci. Bayan wannan ba ta ƙara aikawa a kira shi ba. Shi ne ma ya riƙa zuwa da kansa da safe, wai ya saba da kokon.